Kafin ka sayi fili a ƙauye ka koma zaman gona

Kai da ka gaji da kuɗin haya da bil ɗin NEPA kake son komawa ƙauye ka kafa gidan gona da sola da borehol, toh kar ka biya ko sisi sai ka je wurin sau biyu, a Afrilu da kuma Agusta. Dillali a Nuwamba zai kai ka, lokacin hanya ta bushe dawa ta nuna, ko'ina gwanin sha'awa.

A Afrilu ruwa zaka duba. Leƙa rijiyoyin garin da kanka, ja guga ka ga gaba nawa igiya ta ci, ka tambayi 'yan garuwa wacce ce ke ƙafewa kafin damina. Wajen Zariya da yawancin Katsina dutse ne a ƙasa, sai ka ga an haƙa borehol an kashe kuɗi an tashi da ruwan da ko tanki ɗaya baya cikawa, shi ya sa ake fara kawo masu awon ruwa, su ma fa ba kullum suke dacewa ba.

A Agusta kuma hanya. In mota bata shiga garin sai acaba, ka tuna da mai naƙuda ƙarfe biyun dare. Duba jikin katangu ko akwai shatin ruwa, fadama akwai albarka amma mutanen Ringim da Haɗeja sun ga ambaliya a 2022. Shiga gonar maƙwabta ma, in ciyawar wuta-wuta ta cinye dawa ƙasar ta gaji, in kuwa ka ga bishiyar gawo a fili ka yi murna, alamar ƙasa mai kyau ce.

Maganar takarda, dokar filaye ta 1978 ta bar filin ƙauye a hannun ƙaramar hukuma, sa hannun dagaci kaɗai bai wadatar ba. In gonar gado ce a tara magada kaf har matan da ke aure a wani gari, kuma ka tabbatar ba kan burtali take ba, rigima da makiyaya ba abin da zaka saya da kuɗinka bane.

Tsaro kam kar ka tambayi mai sayarwa. Je tasha ranar kasuwa ka zauna wajen mai shayi, ka tambayi direbobi ƙarfe nawa suke daina bin hanyar, kuma ko mutane suna kwana a gidajensu.