Yadda zaka ɗauki sautin jita mai lantarki a kwamfuta ba tare da amfilifaya ba

Wani ƙanena dake zaune a Tudun Wada ya turo min abinda ya ɗauka a ɗakinsa, jitar tana wani irin zuuu kamar ƙudan zuma a cikin gwangwani, wai shi manhajar ce bata da kyau. Da naje na duba ashe wayar jitar ya soka kai tsaye a ramin makirfo na laftof. Wallahi abin ya dameni dan yaron ya iya kiɗa sosai, hannunsa nada daɗi. To ɗan'uwa in kaima haka kake yi tsaya ka ji.

Farko dai sai ka samu saunkad na waje, irin ɗan akwatin nan da ake haɗawa da USB, kamar Focusrite Scarlett Solo ko Behringer UMC22 in kuɗin basu kai ba. Akwai rami ko maɓalli da aka rubuta INST, nan ne wajen jita, saboda sautin dake fitowa daga cikinta rarrauna ne kuma yana son mashigar da aka yi dominsa, in ka sa shi a wani wajen sai ya dushe, kaifin nan duk ya tafi kuma ba manhajar da zata dawo maka dashi.

Sai ka sa direban ASIO, ƴar manhajar dake haɗa saunkad ɗin da kwamfuta, in Windows kake amfani da ita, ka buɗe manhajar ɗaukar sauti, Cubase ko FL Studio ko Reaper, duk wanda ka saba. A saitin sauti na manhajar ka sa 24 bit, wajen sample rate 44,100 ko 48,000, bafa (buffer) kuma 128. Wannan bafar ita ce maganin jinkiri, a 128 abinda take ƙarawa kusan kashi 3 cikin dubu na daƙiƙa ne, kunne bazai damu ba, amma in ka barta a 1024 zaka kaɗa tsirkiya sai daga baya kaji ta, kiɗan ya rikice maka. In laftof ɗin ta fara ƙas-ƙas ka ɗaga zuwa 256.

Yanzu ga inda nafi so ka natsu. Kafin ka ɗora wa sautin komai, ka kaɗa jitar da ƙarfi iya yadda zaka kaɗa a waƙar, kana murɗa GAIN na saunkad, wato maƙarin ƙarfin sauti, a hankali har mitar dake cikin manhajar ta riƙa tsayawa wajen -12, kar ka yarda ta taɓa ja. Wannan busasshen sautin shine dukiyarka, shi kwamfuta take ajiyewa, amfilifayar manhaja riga ce kawai ake sa masa, gobe in bata maka ba ka cire ka sa wata ba sai ka sake kiɗa ba.

Maganar ƙugi kuwa, mu nan Zariya mun san shi. Wutarmu 50 Hz ce kuma jita mai kamun sauti siriri (single coil, ɗan ƙarfen nan dake ƙarƙashin tsirkiya) tana jawo ta kamar me, balle in inji ake amfani dashi. Ka cire cajar laftof ka ɗauka da batir, sau da yawa nan take zaka ji shiru. Ka kashe fanka, ka ɗan matsa nesa da kwamfutar, ka riƙa juyawa akan kujera a hankali da jitar a jikinka har ka samu ɓangaren da ƙugin ya ragu, ka zauna a haka ko da bango kake kallo. Lokacin hunturu kuma ƙura na shiga ramin jitar, ka goge kan wayar da tsumma mai tsafta ka sa ka cire sau biyar shida.

Sai manhajar amfilifaya. AmpliTube, Guitar Rig, ko Neural Amp Modeler wadda kyauta ce. Abu biyu ne a ciki, kan amfilifaya da akwatin sifika, kuma dan Allah ka tabbata akwatin na kunne, in babu shi sautin zai yi tsami ya riƙa sukan kunne. A Neural Amp Modeler sau da yawa sai ka loda fayil ɗin akwatin da kanka, wanda ake cewa IR. Murɗin GAIN na ciki ka rage shi ƙasa da yadda ranka ke so, in irin kiɗan Buzaye na Agadas kake nema ma ai sauti mai tsafta ne da ɗan amsa-kuwwa kaɗan, ya isa. Ka yanke duk sautin ƙasa mai kauri dake ƙasa da 80 ko 100 Hz dan ka bar wa bes da ganga wajensu.

In kana son jitar ta cika kunne, ka kaɗa abu ɗaya sau biyu, ɗaya ka tura hagu ɗaya dama, banda kwafi da liƙawa, sai ka sake kaɗawa da hannunka, kuma ka duba saitin tsirkiya kafin kowane ɗauka saboda zafin ɗaki na sa ta saki. Ƙanen nawa mun sake ɗaukar tasa ranar Asabar da saunkad ɗina, caja a cire, fanka a kashe muna ta zufa, ya sa hedfon yaji, sai da ya maimaita wajen sau uku kafin ya cire.