Kurakuran da aka fi yi wajen bibiyar ƙungiyar jami'a a gasar guje-guje ta cikin zaure a Amurka

A watan Maris na kowace shekara hukumar wasannin jami'o'in Amurka, wato NCAA, takan shirya gasar ƙasa ta guje-guje da tsalle-tsalle a cikin rufaffen zaure, lokacin da sanyi bai gama sakin yawancin jihohin ƙasar ba. An fara gasar maza a birnin Detroit a 1965, ta mata kuma ta biyo baya a 1983. Mutanenmu sun ƙara sa mata ido ne saboda yawan 'yan Najeriya da Ghana da ke karatu suna gudu a can: Tobi Amusan da Blessing Okagbare sun yi jami'ar UTEP, Favour Ofili ta yi LSU, Ezekiel Nathaniel kuma Baylor. Sai dai da yawa daga cikin masu bibiyar suna kallonta ne da idon da suka saba kallon Olamfik, alhali tsarinta ya sha bamban, kuma daga nan ne yawancin ruɗanin yake tasowa.

Kuskuren da ya fi kowanne girma shi ne ƙirga wanda ya zo na ɗaya a manta da maki. A wannan gasa ba a jera jami'o'i da yawan zinare. Mutum takwas na farko a kowane fanni su ne ke samun maki, a kan tsarin 10, 8, 6, 5, 4, 3, 2, 1, kuma jami'ar da ta fi tara maki a ƙarshen rana ta biyu ita ke ɗaukar kofi. Idan jami'a tana da gwani guda wanda ya cinye tsere biyu, maki 20 ke nan, amma wata jami'ar da ɗalibanta biyar suka zo na huɗu a fannoni daban-daban ta tara 25, ko da ba a ga ɗayansu yana ɗaga hannu a gaban kyamara ba. Abin da ya faru a Albuquerque a 2023 ya isa misali. Julien Alfred, 'yar tsibirin Saint Lucia da ke gudu wa jami'ar Texas, ta cinye mita 60 a daƙiƙa 6.94, ta kuma cinye mita 200 a 22.01, duk duniya ta ɗauki zancenta, amma kofin mata jami'ar Arkansas ce ta tafi da shi, Texas ta zo ta biyu. Gyaran wannan kuskure yana da sauƙi, ko da yake yana buƙatar ɗan haƙuri: kafin a fara gasa a rubuta sunan kowane ɗan wasan ƙungiyar da ake bi, da fannin da zai shiga, da matsayin da yake kai a jerin shiga, wato jerin waɗanda suka cancanci gasar bisa bajintarsu a kakar, a lissafa makin da zai kawo idan ya tsaya a wannan matsayi, sannan a riƙa gyara lissafin bayan kowane fanni. Wanda ya yi haka zai fahimci dalilin da ya sa koci yake tsalle don murna saboda yarinyar da aka sa ran za ta zo ta goma sha ɗaya ta kutsa ta zo ta bakwai. Maki biyu ne ta kawo waɗanda babu su a lissafin kowa, kuma a gasar da ake iya cin kofi da maki 40 zuwa 60 da ɗoriya, irin waɗannan su ne ke raba gardama. Har rabin maki ana samu, domin idan mutum biyu suka yi kunnen doki a tsallen sama ko tsallen gora, akan haɗa makin matsayi biyun a raba musu daidai.

Kusa da wannan akwai zaton cewa jami'ar da ta yi kaca-kaca da abokan hamayyarta a gasar shiyya za ta maimaita hakan a gasar ƙasa. A ƙarshen Fabrairu ake yin gasannin ƙungiyoyin jami'o'i irin su SEC da Big 12 da Big Ten da ACC, kuma a can yawan 'yan wasa masu matsakaicin ƙarfi yana biya, tun da jami'a za ta iya zuba mutane da dama a fanni ɗaya ta kwashi maki. Gasar ƙasa kuwa ƙofarta ƙunci ce. Mutum 16 kawai ake ɗauka a kowane fanni daga duk faɗin Amurka, da ƙungiya 12 a tseren miƙa sanda, kuma babu wasan share fage na yanki kamar yadda ake yi a gasar fili ta watan Yuni. Ana duba jerin lokuta da nisan da kowa ya yi a kakar ne, daga sama zuwa ƙasa, a ja layi. Saboda haka jami'a na iya cin kofin shiyyarta da mutum talatin, ta isa gasar ƙasa da huɗu. Abin da ya kamata mai bibiya ya duba shi ne jerin da ake wallafawa a shafin intanet na TFRRS, mai tattara sakamakon 'yan wasan jami'o'i, ya ga mutum nawa ƙungiyarsa take da su cikin 16 na farko, da kuma nawa ne cikin takwas na farko. Ya kuma jira jerin ƙarshe na waɗanda aka karɓa, domin kociyoyi sukan janye ɗan wasa daga wani fanni don ya adana ƙarfinsa ga wani, sai na 17 ko na 18 ya samu shiga.

Sai kuma karanta lokutan gudu kamar duk a hanya ɗaya aka yi su. Zagayen hanyar tsere ta cikin zaure mita 200 ne, rabin ta fili ke nan, kuma a manyan zaurukan ana ɗaga gefen waje na kwanoni ya zama gangare domin mai gudu ya iya shan kwana ba tare da ya rage sauri sosai ba. Akwai kuma zaurukan da hanyarsu a shimfiɗe take, da waɗanda zagayensu ya kai mita 300. NCAA tana da ma'aunin da take daidaita waɗannan lokuta da shi kafin ta jera mutane, haka ma lokutan da aka yi a wurare masu tudu irin Albuquerque, wanda ya ɗara mita 1,500 sama da teku, inda ƙarancin iska ke taimakon masu gajeren zango ya kuma wahalar da masu dogon zango. Ke nan lokacin da aka gani kusa da sunan ɗan wasa a jerin shiga ba lalle ne ya zama abin da agogo ya nuna ranar da ya yi gudun ba. Haka nan kuskure ne a ɗauki lokacin mita 200 ko 400 na zaure a gwada shi da na fili a ce ɗan wasa ya ja baya. Wanda ke gudun mita 400 a zaure yana shan kwana huɗu masu tsanani maimakon biyu masu faɗi, kuma bayan kwana biyu na farko kowa yana barin layinsa a yi rububin layin ciki, inda ake samun turereniya da toshe hanya. A gwada lokacin zaure da na zaure, na bana da na bara.

Akwai wani kuskure da ke sa mutane yin murna kafin lokaci, kuma na ga ya fi yawa a shafukan sada zumunta. Hanyar zagaye ta zaure layi shida gare ta, layukan ciki kuma suna cutar mai gudun sauri saboda tsananin kwana, don haka wasan ƙarshe na mita 200 da na mita 400 akan raba mutum takwas gida biyu, huɗu-huɗu, sannan a haɗa lokutansu a jera. Mutum na iya cinye rukunin farko da tazara, a yaɗa hotonsa ana taya shi murna, bayan minti uku rukuni na biyu ya fito mutum biyu ko uku su fi shi lokaci, ya koma na uku ko na huɗu. Tseren miƙa sanda na mita 400 sau huɗu ma haka ake yin sa rukuni-rukuni. Maganin abin shi ne a dakata har rukunin ƙarshe ya gama a ga haɗaɗɗen sakamako. Mita 60 da tsallen shinge na mita 60 ba su da wannan matsala, domin a miƙaƙƙiyar hanyar tsakiyar zaure ake yin su, duka takwas a jere. Su nasu haɗarin shi ne tashi kafin bindiga, wanda sau ɗaya ya isa a fitar da mutum.

Wasu kuma sukan ɓata lokaci suna neman fannonin da babu su. Babu mita 100 a zaure, babu mita 100 sau huɗu, babu tsallen shinge na mita 400, babu jifan mashi ko na faifai. Shi ya sa Ezekiel Nathaniel, wanda aka sani da shinge na mita 400, ya riƙa gudun mita 400 ba shinge a lokacin sanyi. A maimakon mita 1,500 ana gudun mil ɗaya, wato mita 1,609, don haka kada a ga minti huɗu a ce gudun ba shi da sauri.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake watsi da fannonin da kyamara ba ta cika tsayawa a kansu ba, alhali makinsu daidai yake da na mita 60. Fanni 17 ake yi a ɓangaren maza, 17 a na mata, kuma bakwai daga cikinsu ba tsere ba ne: dogon tsalle, tsallen taku uku, tsallen sama, tsallen gora, jifan dalma, wurgin ƙarfe mai mariƙi, da gasar haɗaka. Ƙarfen da maza ke wurgawa ya kai kilo 15.88, na mata kuma kimanin kilo 9, kuma wanda ya ci wannan fanni maki goma ya kawo cif. A gasar haɗaka mata suna yin fanni biyar a yini ɗaya, su rufe da mita 800, maza kuma fanni bakwai a kwana biyu, su rufe da mita 1,000. Dubban makin da ake gani a allon wannan gasa na tantance matsayi ne kawai a tsakaninsu, abin da ke shiga asusun jami'a shi ne goma ko takwas ko shida ɗin da aka saba. Akwai kuma tseren miƙa sanda mai zango mabambanta, wanda ba a san shi sosai a wajen Amurka ba: na farko ya yi mita 1,200, na biyu 400, na uku 800, na ƙarshe 1,600. Yawanci a ranar farko ake yin sa, kuma jami'o'in da ƙarfinsu yake a dogon zango a nan suke kafa tubalinsu. Koci yakan sha wahalar yanke shawara a kansa, domin ɗalibin da zai ɗauki zangon ƙarshe sau da yawa shi ne ya yi zagayen share fage na mil ɗaya a ranar, gobe kuma ana jiran sa a wasan ƙarshe da mita 3,000. Wanda bai san wannan ba zai ga gwani ya zo na shida ranar Asabar ya ce ya lalace, alhali gajiyar makin da ya kawo jiya ce a ƙafarsa.

Batun lokaci ma yana kayar da mutane. Gabashin Amurka yana bayan Najeriya da Nijar da awa shida a lokacin sanyi, tsakiyarta kuma da awa bakwai, amma a Lahadi ta biyu ta watan Maris Amurka tana tura agogonta gaba da awa ɗaya, sai tazarar ta koma biyar da shida. Gasar tana faɗowa daf da wannan rana. Ta 2024 a Boston an yi ta kafin canjin, ta 2025 a Virginia Beach kuma bayansa. Wanda yake Ghana sai ya rage awa ɗaya daga wannan tazara. A duba birnin da ake gasar da kwanan watan kafin a saita ƙararrawa, a kuma san cewa manyan wasannin ƙarshe sukan kai tsakar dare ko su wuce a agogonmu. Tashar ESPN ce ke nuna gasar, amma ba ko'ina ake samun ta ba, don haka shafin sakamako na kai-tsaye shi ne abin dogaro. A can harafin Q babba yana nufin mutum ya haye zuwa wasan ƙarshe da matsayinsa a rukunin share fage, ƙaramin q kuma da lokacinsa. DNS bai fara ba ke nan, DNF bai ƙarasa ba, DQ an soke shi, galibi saboda taka layi a kwana ko tare wa wani hanya. Amurkawa sukan faɗi nisan tsalle da jifa da ƙafa da inci, ƙafa ɗaya santimita 30.48 ce, amma takardar sakamako tana kawo mita, ita ya kamata a bi.

A kula kuma da sunaye da rukunai. Texas da Texas Tech da Texas A&M jami'o'i uku ne daban, kuma Texas Tech ce ta ci kofin maza a 2024. NCAA kanta tana da rukuni uku, kowanne da gasarsa ta ƙasa, don haka Benjamin Azamati na Ghana, wanda ya yi West Texas A&M a rukuni na biyu, ba a gasa ɗaya yake da 'yan LSU ba. 'Yan wasa kuma suna sauya sheƙa, kamar yadda Favour Ashe ya bar Tennessee ya koma Auburn, saboda haka jerin sunayen bara ba ya wadatarwa.

Saura tseren mita 400 sau huɗu, wanda da shi ake rufe gasa. Kuskuren a nan shi ne a zauna kallonsa ba a san abin da ƙungiya take buƙata ba. Kafin a harba bindiga a duba jimillar makin jami'o'in da ke kan gaba, a tabbatar babu wani fannin tsalle ko jifa da bai ƙare ba, sannan a duba waɗanne ne cikinsu suke da ƙungiya a tseren, domin jami'a na iya kasancewa a sama da maki bakwai amma ba ta cikin 12 da suka samu shiga, sai ta zauna tana kallo abokiyar hamayyarta ta zo ta biyu ta wuce ta da maki ɗaya. Idan kuma duka biyun suna ciki, tazarar matsayi ake lissafawa: wadda ke gaba da maki uku ta tsira idan ta zo ta biyu a bayan abokiyar hamayyarta, tun da bambancin 10 da 8 biyu ne kawai, amma idan ta faɗo ta uku bambancin ya zama huɗu, kofi ya kuɓuce mata.