Yadda za ka gyara fahimtar karatun Turanci da gajerun labarai na yau da kullum

Akwai wani abu da ke damun mutanenmu da yawa amma ba a cika faɗa ba. Mutum ya gama sakandare, wani ma har da difloma, ka miƙa masa takarda da Turanci ya karanto maka ita tiryan-tiryan babu gargada, sai ka ce to malam me aka ce a ciki, sai ya hau sosa ƙeya yana cewa bari in sake dubawa. Bakin ya iya, kan ne bai ɗauka ba. Kuma ba wai daƙiƙanci ba ne, yawancinmu haka aka koya mana tun firamare, malami ya karanta mu bi shi da ƙarfi, in ka furta daidai a tafa maka shikenan, babu mai tambayarka ko ka gane.

Hanyar da na fi yarda da ita wajen gyara wannan ita ce gajerun labarai na rayuwar yau da gobe, irin wanda wani zai ba da labarin ranar da ya makara zuwa aiki, ko wata ta manta wayarta a adaidaita sahu, ko yaro ya ɓace wa uwarsa a kasuwa. Irin wannan labarin ka riga ka san duniyarsa, ka san yadda abin yake tafiya tun kafin ka karanta, saboda haka da yaren kawai kake kokawa. Amma in aka ba ka rubutu kan ɗumamar yanayi ko tattalin arziki to abu biyu ne suka taso maka lokaci ɗaya, ga batun ga yaren, kuma a nan ne mutane suke karaya su ce su Turanci ba nasu ba ne.

Mataki na 1: zaɓi labarin da ya yi maka sauƙi, har ka ji kamar ya yi sauƙi da yawa

Nan ne girman kai yake kayar da mutane. Wai ni mai digiri in zauna ina karanta littafin ɗan aji biyar? Eh, zauna ka karanta, ba wanda yake kallonka. Masu binciken koyon harshe irin su Paul Nation na ƙasar New Zealand sun nuna cewa kafin mutum ya fahimci rubutu da kansa ba tare da taimako ba sai ya san kusan kashi 98 cikin 100 na kalmomin ciki, wato a cikin kowace kalma ɗari, guda biyu kawai ne baƙi a wajensa. To kai gwada da kanka, ka ɗauki sakin layi ɗaya ko biyu masu kalma wajen ɗari, duk kalmar da ba ka sani ba ka lanƙwashe yatsa ɗaya, in yatsun hannu guda sun ƙare kafin ka kai ƙarshe ajiye shi, ba naka ba ne tukuna, nemi wanda ya fi shi sauƙi.

Tsayin labarin kada ya wuce kalma 150 zuwa 300 a farko. Inda za ka samu kuwa, littafin Turancin ƙanenka na firamare ko ƙaramar sakandare yana nan a gida kyauta. A intanet akwai sashen koyon Turanci na British Council inda suka jera karatun hawa-hawa, A1 da A2 su ne na masu farawa, B1 na tsakiya. BBC ma suna da nasu. Muryar Amurka kuwa tun 1959 suka fara shirin Turanci mai sauƙi wanda aka gina shi a kan kalmomi wajen 1500 kawai. Ranar da kake da data ka ɗauki hoton labarai biyar ko shida ka ajiye a waya, sai ka huta da zancen babu sabis.

Mataki na 2: karanta shi gaba ɗaya, ba ƙamus ba biro

Daga farko har ƙarshe, kar ka tsaya. Kalma ta gagare ka tsallake ta ka wuce. Abu huɗu kawai kake nema: su wane ne a labarin, a ina, me ya faru, yaya aka ƙare.

Mataki na 3: kife wayar ka ba da labarin da Hausa

Wannan matakin shi ne mutane suke raina wa kuma shi ne yake tona asiri. Ka samu ƙanwarka ko abokinka ka ce zo in ba ka labari, in babu kowa ka buɗe WhatsApp ka tura wa kanka saƙon murya. Ba fassara nake nufi ba jimla bayan jimla, a'a, labari za ka bayar irin yadda kake yi a majalisa. Duk inda ka ji ka cije, ko ka fara cewa to daga nan dai sai wani abu ya faru, wannan wurin ne ba ka gane ba, kuma yanzu ka san inda za ka nufa in ka koma. Wasu malamai suna cewa a daina tunani da Hausa kwata-kwata in ana koyon Turanci, ni gaskiya ban yarda da su ba a wannan matakin, domin wanda ya iya mayar da labari cikin harshen uwarsa daidai to ya gane shi, babu wata jayayya, amma wanda ya maimaita da Turanci yana iya zama hadda ce kawai ya yi.

Mataki na 4: karatu na biyu, ka sa ido kan ƙananan kalmomi

A nan zan daɗe don nan ne aikin yake. Mutane suna zaton manyan kalmomi ne suke hana su ganewa, alhali sau da yawa 'yan ƙananan nan ne da ido yake tsallakewa. Ga wani ɗan labari da na haɗa don misali:

Musa left home early because he wanted to reach the bank before the queue got long. When he arrived, the gate was still locked. He waited for almost an hour, although the sun was hot. Then an old man told him that it was a public holiday. He had forgotten to check the date.

Dubi because a jimlar farko, ita ce ta gaya maka dalilin sammakon Musa, so yake ya riga layi. Dubi although, tana nuna maka cewa duk da ranar da ake ƙwallawa bai tafi ba. Irin su but, until, unless, before, after, however duk haka suke, su ne suke juya akalar labari, ka rasa ɗaya a cikinsu sai ka fahimci kishiyar abin da aka faɗa kana ta murna ka gane. Ka ja layi a ƙarƙashin kowacce, ka tambayi kanka me ta haɗa da me.

Sai kuma had ɗin nan ta jimlar ƙarshe. An kawo mantuwar Musa a ƙarshen labari amma ita ce ta fara faruwa, tun kafin ya bar gida. Duk inda ka ga had tare da aikatau a labarin da ya wuce, ka sa ma'anar "ya riga ya" a ranka. In an ce when Amina got to the station, the bus had left, to Amina ba ta samu motar nan ba, ta riga ta tashi, amma wallahi za ka samu ɗalibai da yawa da za su ce maka ta isa tasha sannan mota ta tashi da ita.

Na uku, wakilin suna. He da she ba sa ba mu wahala sosai tunda mu ma muna da shi da ita. Matsalar tana zuwa ne idan maza biyu suka haɗu a labari, kamar Musa da tsohon nan, he ɗin ƙarshe na wa ne? Na Musa ne, domin shi ne ya manta, amma sai ka tsaya ka tabbatar. Duk he, it, they, this da ka gani ka ja kibiya daga ita zuwa sunan da take wakilta, da farko abin zai yi maka kamar wasan yara, bayan ɗan lokaci idonka zai riƙa yi da kansa.

Mataki na 5: yanzu ne lokacin ƙamus

Kafin ka buɗe ka fara cinka. Kalmar queue a labarin Musa, ko ba ka taɓa ganinta ba, abu ne da yake tsawo a banki kuma mutum yake sammako don ya guje masa, ai ka san layi ne. Ka cinka, sannan ka duba ka ga ko ka dace. Kalma uku zuwa biyar sun isa a labari ɗaya, ka rubuta su a ɗan littafinka tare da jimlar da suka fito a ciki, kada ka jera kalma da ma'ana tsirara, ba ta zama a kai. Ƙamus na masu koyo ya fi, irin na Oxford ko Cambridge ko Longman, duk suna nan kyauta a intanet, na Longman ma da kalmomi wajen 2000 masu sauƙi yake bayanin komai. Ka lura da masu tafiya bibbiyu ko uku-uku irin su give up da run out of da look after, a dunƙule ake duba su, in ka raba su ma'anar ta gudu.

Google Translate akwai Hausa a ciki tun 2013 kuma yana da amfani, amma in ka kwafe labarin gaba ɗaya ka zuba masa to shi ne ya yi karatun ba kai ba. 'Yan uwanmu na Nijar da suka yi boko da Faransanci suna da wata garaɓasa, kalmomin Turanci da yawa za su ga sun saba da fuskarsu, sai dai a yi hattara da masu kama da juna amma ma'ana daban, library ba kantin sayar da littattafai ba ne, ɗakin karatu ne.

Mataki na 6: auna fahimtarka da tambayoyi

In labarin ya zo da tambayoyinsa falillahil hamdu. In bai zo da su ba ka ƙirƙira, ko ku yi musaya da aboki, kai ka rubuta masa shi ya rubuta maka. Tambaya iri biyu ce. Akwai wadda amsarta tana kwance a fili, kamar tsawon lokacin da Musa ya jira. Akwai kuma wadda sai ka haɗa wannan da wancan, kamar shin Musa ya samu biyan buƙatarsa a ranar? Babu inda aka rubuta bai samu ba, amma ƙofa a kulle, ranar hutu ce, ka san hannu rabbana ya koma gida. Irin ta biyun nan ita ce take raba mai ganewa da mai kwafa, kuma ita masu jarrabawa suka fi so.

Ka amsa da Turanci, da kalmominka, ko da jimlar ta karkace. Masu shirin WAEC da NECO su kula da wannan sosai domin a ɓangaren taƙaitawa ana rage maki ga wanda ya ɗebo jimlar marubuci yadda take ya juye, kuma akwai tambayar da za a ba ka kalma a ce kawo wata da za ta zauna a gurbinta cikin rubutun, wanda ya saba da cinkar ma'ana daga jimla shi ne yake cin wannan cikin sauƙi.

Mataki na 7: rubuta naka

Jimla biyar ko shida kan abin da ya same ka jiya, an ɗauke wuta kana tsakiyar guga, ko kin je ɗinki tela ya ce sai jibi. Ka yi ƙoƙari ka cusa because ɗaya da although ɗaya da had ɗaya. Ka tura wa abokin karatunka ya karanta ya ba ka labarin da Hausa, in abin da ya faɗa ya saɓa da abin da ya faru sai ku duba tare ku ga laifin wa, na mai rubutu ko na mai karatu. Gardamar da za ku yi a kan wannan ta fi darasi guda amfani.

Mataki na 8: maimaici da ƙara sauri

Minti 15 zuwa 20 kullum ya fi ka tara awa uku ranar Lahadi. Ka sa masa lokaci tsayayye, bayan sallar asuba ko tsakanin magariba da isha, duk wanda ya fi maka. Bayan mako ɗaya ka koma kan tsohon labari ka sake karanta shi da agogo a hannu, za ka ga ka fi da sauri, kuma ka daina bin layi da yatsa da motsa leɓe, suna ja maka birki. Saurin nan ba ado ba ne, a JAMB tambaya 180 ake amsawa cikin awa biyu, 60 daga ciki na Turanci, in ka raba kowace tambaya daƙiƙa 40 take da ita, wanda sai ya karanta sakin layi sau huɗu kafin ya gane lokaci zai ƙare masa yana tsakiyar hanya.

Sai yaushe za ka ƙara hawa? Idan ka karanta labarai kamar goma a jere a hawa ɗaya, kowanne ka iya ba da shi da Hausa tun daga karatun farko, kuma baƙin kalmomi ba sa wuce ɗaya ko biyu, to ka matsa daga A2 zuwa B1, ko daga littafin aji shida zuwa na ƙaramar sakandare. Daga nan sai ka fara sa labaran jarida, ka fara da gajerun rahotanni kan abin da ka riga ka ji a rediyo da Hausa da safe, tunda ka san abin da ya faru, Turancin ne kawai zai zama sabo. In ka hau ka ga yatsu biyar suna ƙarewa kafin kalma ɗari, ka sauko ka ƙara wasu labaran a hawan ƙasa tukuna.