Kurakuran da aka fi yi wajen kallon finafinan Hitchcock

Mutane da yawa sun san sunan daraktan finafinai Alfred Hitchcock tun kafin su ga fim ɗinsa ko ɗaya. Su zauna kallo, fim ya ƙare, su tashi suna cewa, "Wannan ne ake ta zuzutawa?" Galibi tsammanin da suka shigo da shi ne ya cuce su.

Kuskuren da ya fi kowanne girma shi ne zama jiran a gano wanda ya yi kisa. Hitchcock bai cika yin irin wannan labari ba. A doguwar hirar da darakta François Truffaut na Faransa ya yi da shi a 1962, ya kawo misalin mutum biyu suna hira a tebur, ga bam a ƙarƙashinsa. In bam ya tashi ba wanda ya sani, mai kallo zai firgita na ɗan lokaci, shi ke nan. In kuwa an nuna masa bam ɗin da agogo tun farko, hirar banzar nan za ta hana shi sakat har tsawon minti goma sha biyar, yana ji kamar ya daka musu tsawa su tashi. Dubi Rope na 1948. Da kisan aka buɗe shi, samari biyu suka shaƙe abokinsu, suka saka gawar a akwati, suka jera abincin baƙi a kansa, cikin baƙin kuma har da mahaifin mamacin. Ba abin da aka ɓoye maka. A Vertigo na 1958 ma, ya tona sirrin matar da jarumin ke so tun da sauran tafiya mai yawa, ya bar ka kana kallon jarumin yana lalube cikin duhu. Gyaran a nan shi ne ka canja tambaya: me na sani wanda mutumin nan bai sani ba, kuma yaushe zai sani?

Shi kansa ya taɓa zarce gona da iri. A Sabotage na 1936 ya ba yaro ƙunshi ya kai saƙo, yaron bai san bam ba ne, ya yi ta ɓata lokaci a hanya, har abin ya tashi da shi a cikin bas. Daga baya Hitchcock ya ce kuskure ne, don masu kallo ba su yafe masa ba.

Na biyu, bin abin da 'yan wasan ke bi. A finafinansa da yawa akwai wani abu da kowa ke kokawa a kai, wanda yake kira MacGuffin. A Notorious na 1946, yuraniyom ne aka ɓoye a kwalaben giya. A Psycho na 1960, dala 40,000 ce wata sakatariya ta gudu da ita. Za ka ji mai kallo yana ƙorafin ba a yi bayanin kuɗin sosai ba, alhali sun nutse a taɓo tare da motarta, labarin kuma bai ko waiwaye su da muhimmanci ba. Abin nan dalili ne kawai na tayar da mutane tsaye. A Notorious, ka sa ido kan matar da jaruma Ingrid Bergman ta fito a matsayinta, wadda masoyinta ya tura ta auri maƙiyi don leƙen asiri.

Akwai kuma masu farawa da Psycho da The Birds na 1963, su yanke cewa daraktan finafinan ban tsoro ne. Ai waɗannan na ƙarshe-ƙarshen aikinsa ne. An haife shi a Landan a 1899, ya shiga sana'ar da zana rubutun da ake sakawa a finafinan da ba su da sauti, ya kammala fim ɗinsa na farko a 1925. Kafin furodusa David Selznick ya ɗauke shi zuwa Amurka a 1939, ya yi fiye da ashirin. The 39 Steps na 1935 da The Lady Vanishes na 1938 cike suke da raha, haka North by Northwest na 1959. Wanda ya tsallake zamaninsa na Ingila ya rasa inda mutumin ya koyi ba da labari da hoto zalla.

Daga nan ne kuskuren da ya fi shafar mu yake fitowa. Mun saba da fim mai fassara, inda murya ke gaya mana komai, sai mu riƙa sauraro ido na kan waya. Da Hitchcock wannan asara ce. A farkon Rear Window na 1954, kyamara ta bi ɗaki a hankali: ƙafa a ɗaure da filasta, fasasshiyar kyamarar ɗaukar hoto, hoton motar tsere tana hantsilawa. Ba wanda ya ce uffan, amma ka riga ka san sana'ar mutumin da yadda ya karye. In ka duba saƙo a wannan minti, ya wuce ka. Ajiye wayar. In kana son koyon aikin, kashe sautin ka sake kallon wurin.

Wasu na cewa ya ci Oscar, babbar lambar yabon finafinai ta Amurka, a matsayin gwarzon darakta. Bai ci ba, sau biyar ana sa sunansa. Rebecca ya ci na gwarzon fim na 1940, amma hannun Selznick ya shiga, don shi ne furodusa.

Sai ɗaukarsa kamar shi kaɗai ya yi komai. Matarsa Alma Reville, wadda ya aura a 1926, ta riga shi ƙwarewa a tace fim, kuma da wuya labari ya wuce ba ta duba ba. Kiɗan nan mai kama da ƙara a wurin kisan cikin wanka a Psycho na Bernard Herrmann ne, Hitchcock ma da farko ya so a bar wurin ba kiɗa, sai da ya ji ya sauya ra'ayi. Haka nan yabon gwanintarsa bai share abin da jaruma Tippi Hedren ta faɗa ba, cewa ya takura mata ya kuma ci zarafinta lokacin The Birds da Marnie.

Game da inda za a fara, ni dai na fi son a soma da Rear Window, a bi da Shadow of a Doubt na 1943, wanda shi da kansa ya sha cewa ya fi so, sannan Notorious. Vertigo a bar shi sai daga baya. Lokacin da ya fito bai yi wata kasuwa ba, ga shi da jan ƙafa, sai a 2012 masu sharhi suka zaɓe shi a matsayi na ɗaya cikin finafinan duniya a ƙuri'ar mujallar Sight and Sound. Yana kuma son kallo biyu, don a na biyun ne za ka riƙa kallon jarumar fim ɗin, Kim Novak, kana sane da abin da take ɓoyewa.