Darasi na 6: Lambu a farkon damina

A Kumasi damina biyu ake yi. Babbar tana kamawa daga wajen watan Maris zuwa Yuli, ƙaramar kuma daga Satumba zuwa Nuwamba. Wanda ya taso a Tamale ko Kano ya saba da damina ɗaya, ya saba da zaman jiran ruwa. A nan kuwa yawan ruwan ne ke ba mai lambu wahala.

Idan aka kwana biyu ana ruwa, gari ya yi lumshi, ƙasa ta ɗauki sanyi, za ku ga shuka ta yi tsaye kamar ba ta girma. Kada hankalinku ya tashi. Latas da kabeji da albasa mai lawashi suna son wannan yanayi. Kuɓewa da barkono su ne 'yan rana, sai ƙasa ta yi ɗumi suke sakin jiki. Ku jiƙa irin kuɓewa ya kwana a ruwa kafin ku shuka, zai fi saurin fitowa.

Babban aikin shi ne tayar da kunya. Ku je Gyinyase, kusa da jami'ar KNUST, ku ga yadda masu lambu ke yi. Suna tara ƙasa ta yi tudu, su bar kwari a tsakani inda ruwa zai bi ya wuce. Saiwa tana bukatar iska. In ruwa ya kwanta mata, ganye ya koma rawaya, tsiro ya ruɓe daga gindi, ya kwanta. Masu shuka a bayan gida a Aboabo ko Asawase, inda fili ya yi ƙaranci, sai su cika buhu ko tsohon bokiti da ƙasa, su huda gindinsa, su ɗora a kan bulo.

Kafin ku sa fartanya, ku dunƙule ƙasar a hannu. In ta manne kamar tuwo, ku bar ta sai gobe. Taka jiƙaƙƙiyar ƙasa yana danƙare ta.

Wurin rainon iri kuma a yi masa 'yar rumfa da ganyen kwakwa, don ruwa mai ƙarfi yana tone ƙananan iri irin na alayyafo da latas. Da tsiro ya yi ƙwari a rage ganyen rumfar, in ba haka ba sai ya yi tsawo siriri, ba ƙarfi.

Kashin kaji taki ne mai kyau, amma ɗanyensa yana ƙona saiwa. A tara shi, a rufe, ya ruɓe tukuna. Dodon koɗi da dare yake ɓarna, sai a bi shi da tocila a tsince. Ciyawa kuwa ba ta jiran kowa.

Aikin gida: Mai lambu yana da kunya 4, kowace ta ɗauki latas 30. Ruwa ya kashe 18. Nawa suka rage? Sannan ku rubuta sunayen ganye uku da ake miyar tuwo da su a gidanku.