Yadda ake haɗa 'yar tsana da ɓawon masara irin ta mutanen Amurka na dā

Ƙabilun Iroquois na yankin New York ta yau sun daɗe suna yi wa yaransu 'yar tsana da ɓawon masara, kuma Turawan Ingila da suka fara zama a Plymouth a 1620 wajen 'yan ƙasa suka koyi noman masarar ma. A wancan zamanin, da kaka maƙwabta kan taru gidan mutum ɗaya su ɓare masara, kamar gayyarmu, ana hira ana ciye-ciye. Saurayin da ya ci karo da jar masara yana da damar sumbatar budurwar da ya zaɓa. Ɓawon kuma a cusa a katifa, ragowar yara su kwashe.

Inda masu koyo ke faɗuwa shi ne ɗanyen ɓawo. Mutum ya ɓare masara yau, ya ɗaure, ya ga abu ya yi kyau. Bayan kwana biyu ɓawon ya tsotse, ɗaurin ya saki, kai ya leƙo gefe, wani lokaci har da fumfuna. Shanya shi a inuwa tukuna sai ya bushe ƙarau, ya koma ruwan ƙasa-ƙasa. Ranar aiki ka jiƙa shi a ruwan ɗumi kamar minti 10, ka goge da tsumma.  Na ciki mai laushi ya fi na waje, ni ban ma taɓa na waje.

Haɗa guda huɗu ko shida, ka ɗaure bakinsu wuri ɗaya, ka juyo su su rufe ƙullin, shi ne kai. Ɗaure wuya da ƙarfi, fiye da yadda kake gani ya isa, domin ɓawon zai tsotse in ya bushe. Ba sai ka sayi zare ba, tsaga ɓawon siriri ya wadatar.

Nannaɗe ɓawo ɗaya, ɗaure bakin biyu, tura shi ƙarƙashin wuya ya zama hannuwa, sannan ɗaure ƙugu. Mace a daidaita ƙasan da almakashi, namiji a raba biyu a yi ƙafafu. Gashin masara shi ne gashin kai.

Fuska kuwa Iroquois ba sa zana ta. A labarinsu, 'yar tsanar ta shagala da kallon kyanta a ruwa, Mahalicci ya ɗauke mata fuskar. In yaranka sun matsa, ɗan gawayi ya isa.