Yadda Ake Samar Wa Yaro Gurbi A Ajin Faransanci Na Makarantun Gwamnati A Kanada

A makarantun gwamnati na Kanada akwai wani tsari da ake kira French Immersion, inda yaron da bai iya Faransanci ba zai shiga aji a riƙa koya masa lissafi da kimiyya da zane da Faransancin, har harshen ya zauna masa a baki. An faro shi a 1965 a garin Saint-Lambert da ke daf da Montiriyal, da hoɓɓasar wasu iyaye masu jin Turanci, yau kuma ya bazu a duk lardunan ƙasar. Kyauta ne. Wahalar kawai ita ce ƙofar shiga ba a buɗe take kullum ba, kuma yawancin masu rasa gurbi makara ce ke ja musu.

Da farko ku tantance irin makarantar da kuke nema, domin nan baƙi ke yawan rikicewa. A lardin Ontariyo akwai Faransancin da kowane ɗalibin makarantar Turanci ke yi a matsayin darasi guda, dole ne daga aji 4 zuwa aji 8, awa 600 ke nan gaba ɗaya. Wanda muke magana a kai ya sha bamban: aƙalla rabin karatu da Faransanci ake yinsa, kuma kafin yaro ya gama aji 8 ya tara awa 3,800 ko fiye. Sai kuma makarantun masu jin Faransanci tun daga gida, waɗanda sashe na 23 na kundin 'yancin ɗan ƙasa na 1982 ya tanada. 'Yan'uwanmu da suka taso daga Yamai ko Maraɗi ko Garwa, waɗanda suka yi boko da Faransanci, su fara leƙa waɗannan. Ko da ba su cika sharaɗin sashen ba, akwai kwamitin da ke ganawa da iyali ya duba ko za a ɗauki yaron. Yawancin baƙi mazauna lardin Kwibek kuwa zancen bai shafe su ba, tunda dokar lardin ta 1977 ta wajabta wa 'ya'yan baƙi makarantar Faransanci.

Mataki na biyu, ku gano hukumar makarantun da gidanku ke ƙarƙashinta, ku buɗe shafinta na intanet ku zuba adireshinku. Adireshi shi ke zaɓa muku makaranta. In kuna shirin sauya gidan haya, ku duba wannan tun kafin ku sa hannu a takarda.

Na uku shi ne lokaci, kuma nan ne gizo ke saƙar. Kowace hukuma da ajin da take ɗaukar yara. Babbar hukumar Toronto tun 2022 tana ɗauka ne daga ajin share fage na farko, wato a shekarar da yaro zai cika 4, ana kuma cike takardar neman ta intanet a watan Nuwamba na shekarar da ta gabata. Ma'ana, yaronku na da shekara 3, bai gama rigimar goyo ba, ku kuma kuna gaban kwamfuta kuna nema masa ajin da zai shiga watan Satumba mai zuwa. Wanda ya nema a kan kari, hukumar ta lamunce masa gurbi, sai dai ba lallai a makarantar da ke bakin layinsu ba. Maƙwabciyarta, hukumar Peel da ta haɗa Mississauga da Brampton, daga aji 1 take farawa, ta kuma ƙayyade yawan guraben, don haka in masu nema sun yi yawa ƙuri'a ake jefawa da kwamfuta, sauran su hau layin jira. A nan babu sanayya, babu ɗan'uwan shugaban makaranta. Ranakun kan ɗan motsa daga shekara zuwa shekara, saboda haka da zarar Satumba ya kama ku fara leƙa shafin, ku kuma halarci taron bayani da hukumomin ke shirya wa iyaye.

Takardu ba su da yawa: shaidar haihuwa ko fasfo, takardun zama a ƙasa, katin rigakafi, da abin da ke nuna inda kuke zaune, kamar yarjejeniyar haya da bil ɗin wuta. Ku tabbata rubutun sunan yaro iri ɗaya ne a ko'ina. Muhammad a fasfo, Mohammed a katin rigakafi, ya isa ya sa ku yi ta sintiri ofis.

Bayan an cike, amsa ta imel take zuwa, kuma akan ba da 'yan kwanaki ne kacal a ce an karɓa. Ku riƙa duba har akwatin da saƙonnin banza ke faɗawa. Kafin ku amsa, ku tambayi abu biyu: ko akwai motar makaranta, da kuma ko ƙannen yaron za su samu fifiko in lokacinsu ya yi. Nisan da ba a bakin komai yake ba a watan Yuni, wani abu ne daban a safiyar Janairu, ƙanƙara ta rufe hanya, ga jariri a keke, ga wajen aiki na jira.

In an makara, ba a yi asarar duka ba. Toronto na da ƙofa ta biyu a aji 4, lardin British Columbia kuma na da ta aji 6. Yaron da ya iso ƙasar da ɗan wayonsa, ya kuma taɓa karatu da Faransanci, ku nemi a gwada shi, domin akan saka irinsu a tsakiyar tafiya in akwai gurbi.

Tambayar da iyaye suka fi yi ita ce, to mu da ba mu jin ko "bonjour", wa zai taya shi aikin gida? Ai don irinku aka gina tsarin. Takardun da makaranta ke aiko wa iyaye da Turanci suke, ganawa da malamai ma haka. Ƙungiyar Canadian Parents for French, wadda aka kafa a 1977, tana da rassa da ke taimaka wa iyaye da kayan karatu. A shekarun farko karatun Turancin yaro kan ɗan ja baya, sai ya kamo bayan an fara darasin Turanci a aji, don haka kada hankalinku ya tashi tun a zangon farko. Abin da na fi ji wa tsoro ma Hausa ce. Turanci na jiransa a titi da talabijin, Faransanci na jiransa a aji, ita kuwa Hausa in ba ku yi masa ita a gida ba, babu mai yi masa. Ku ci gaba da aikensa da ita, ku yi masa tatsuniya, ku haɗa shi da kakanninsa a waya duk ƙarshen mako.

Idan kuma bayan shekara biyu ko uku kun ga yaro na shan wuya ƙwarai, ku zauna da malamarsa ku nemi a auna shi a ba shi tallafi kafin ku yi maganar cire shi, domin wanda ya fita, komawa na da wuya.